Na biya kuɗi don in kalli aikin Mahesh Narayanan, ga yadda muka kwashe

Jama'a ni dai sana'ata editin, bidiyon biki da suna da walimar sauka su nake yankawa in haɗa shekara da shekaru, to shi ya sa da wani abokin aikina ya ce min akwai wani edita a Indiya da ya tashi daga kujerar editin ya koma darakta, har ya yi fim ɗin da tun daga farko har ƙarshe fuskar waya da ta kwamfuta kawai kake gani, sai na ce sai na gani da idona. Sunansa Mahesh Narayanan, mutumin jihar Kerala ne can kudancin Indiya, masu yaren Malayalam, ba Hindi ɗin da muka taso muna ji a finafinai ba. Shi ya yi editin Traffic na 2011 da Vishwaroopam na Kamal Haasan a 2013, sai a 2017 ya fara bada umarni da kansa. Wanda abokina yake nufi shi ne C U Soon, ya fito a Amazon Prime a watan Satumba 2020 ana tsakiyar kullen korona, kuma da iPhone aka ɗauke shi.

Kafin ma in kai ga kallon sai da raina ya ɓaci, don sau uku katina yana ƙin shiga, a na biyun an cire kuɗin amma ba a buɗe min komai ba, sai bayan kwana huɗu suka dawo. Na so in haƙura wallahi.

Daren da na zauna kallo an ɗauke wuta, na kwanta a tabarma a tsakar gida na sa iyafis a kunne. Fim yana farawa sai na ga fuskar waya, wani yana jan hotunan 'yan mata a irin manhajar nan ta neman masoya, sai na ɗauka talla ce ta faɗo min, na fita na sake shiga, sai na ga ashe fim ɗin kenan. Yaron sunansa Jimmy, Roshan Mathew ne ya fito a matsayinsa, ma'aikacin banki ne a Dubai, ya haɗu da wata yarinya Anu a intanet, cikin 'yan kwanaki har ya fara maganar aure, uwarsa ta ce a'a sai an bincika, ta sa ɗan uwansa Kevin wanda ya san kan kwamfuta ya tono mata ko wace ce. Fahadh Faasil ne Kevin ɗin, yawancin fim ɗin yana zaune ne a ɗaki ɗaya gaban kwamfuta amma ba za ka ɗauke ido daga kansa ba.

Abin da ya kama ni a nan ba labarin ba ne tukunna, hannun editan ne. Ka ga mutum ya rubuta saƙo, ya tsaya, 'yar sandar nan tana ƙiftawa a ƙarshen layi, sai ya goge gaba ɗaya ya rubuta wani abu daban gajere. Babu kuka babu kiɗan tausayi mai ƙarfi, amma ka riga ka san abin da ke ransa. Wani lokaci kuma sai a ja hoton a hankali zuwa wani lungu na allon, wurin agogo ko wata 'yar alamar cewa ɗayan ya karanta saƙo bai amsa ba, idonka ya je daidai inda ake so ya je ba tare da ka sani ba. Mu masu wannan aikin mun san sakan biyu idan ka ƙara ko ka rage ya isa ya kashe waje, to shi bawan Allahn nan ya san inda zai bar shiru ya daɗe da inda zai datse. Na tsayar da fim ɗin ya fi sau goma ina mayar da shi baya ina ƙirga tsawon kowane yanka da yatsa. Shi ya rubuta, shi ya bada umarni, shi ya yi editin, kuma kana gani ka san mutum ɗaya ne ya riƙe abin tun daga takarda.

Sai kuma labarin ya juya, nan ne jikina ya yi sanyi. Ba zan ɓata muku ba, amma dai yarinyar ba zuwan daɗi ta yi Dubai ba, da sunan aikatau aka kai ta. Darshana Rajendran ce ta yi Anu, akwai bidiyoyin da take ɗaukar kanta fuskarta dab da kyamara, haske ba kyau, murya ƙasa ƙasa kamar mai tsoron a ji ta. Ina kallo sai na tuna 'yar maƙwabciyarmu da wani ejen ya kai wata ƙasar Larabawa aiki, aka karɓe mata fasfo, uwarta ta riƙa zuwa shagona da wayarta tana cewa ɗan nan taimaka ka buɗe min saƙon muryar nan ban iya ba. Irin muryar ce sak. Ƙanwata ta fito ta same ni zaune ta ce Yaya lafiya, na ce lafiya lau fim nake kallo, ta tsaya ta leƙa, ba ta koma ɗaki ba sai da aka gama.

To amma fa in faɗi gaskiya na sha wuya. Fim ne na karatu, saƙonni da turanci suna gudu a allo, ga magana da Malayalam, ga fassarar ƙasa ita ma tana gudu, duk a 'yar fuskar waya, idona har ruwa ya yi. Na nema da fassarar Hausa ban samu ba, kuma ko an yi ban ga yadda mai fassara zai bi rubutun nan duka ba. Wanda bai iya turanci sosai ba rabin daɗin zai wuce shi, maƙwabciyarmu ɗin nan da na fi so ta gani ba za ta fahimci komai ba, wannan ya tsaya min a rai. Ga data da ya lashe, sai da na sake saye a tsakiya. Ƙarshen ma a ganina an yi sauri, bayan duk wannan tashin hankalin sai aka naɗe tabarmar cikin 'yan mintuna, ni na so a ƙara zama da yarinyar.

Duk da haka washegari na nemi Take Off, fim ɗinsa na farko, kan ma'aikatan jinya 46 'yan Indiya da suka maƙale a Tikrit ta ƙasar Iraƙi a 2014. Parvathy ce jarumar, har ta ci kyautar gwarzuwar jaruma a bikin finafinai na Goa ta Indiya da shi, kuma ta cancanta. Shi ma maganar ɗaya ce, talaka ya bar gida neman abin biyan bashi ya faɗa hannun da ba ya iya fita.

Fim ɗinsa Malik na 2021 ne ya raba min hankali biyu. Farkonsa an fi minti goma kyamara tana yawo cikin gida daga ɗaki zuwa ɗaki ba ka ga yanka ko ɗaya ba, mutumin da ya yi suna da almakashi ya ajiye almakashin, na ji daɗin wannan ƙwarai. Amma fim ɗin ya haura awa biyu da rabi, sunaye sun yi yawa, a koma baya a dawo a sake komawa, wajen tsakiya na rasa wane ne surukin wane, sai da na kwana na ƙarasa da safe. Mai editin da ya iya datse na wasu, nasa ya ji tausayinsa, da ni ne da na rage minti ashirin.

In za ku kalla ku fara da C U Soon, kuma ku nemi laftof ko talabijin kada ku yi irin tawa a waya. Akwai wani nasa Ariyippu na 2022 da aka nuna a bikin finafinai na Locarno a ƙasar Switzerland, shi a Netflix yake, wato sai na sake wani biyan daban da katin nan da ya wahalar da ni, shi ya sa har yau ban kalle shi ba.