Na sayi saiwar fiyoni mai ninki a Maradi, ga yadda muka ƙare

Duk mai shiga Facebook ko rukunan WhatsApp na masu son furanni a garin nan ya ga hotunan: fure ƙato kamar ƙullin kabeji, ruwan hoda, ninki a kan ninki har ba a ganin tsakiyarsa. Fiyoni ke nan, wanda masu talla ke rubutawa pivoine. Saiwarsa ake sayarwa. Ni guda uku na biya, irin da ake kira Sarah Bernhardt, wajen wani yaro mai shigo da kayan lambu daga waje.

Haƙƙinsa zan fara ba shi. Kaya sun zo da kyau, a naɗe cikin dusar katako mai laima, saiwoyin manya, kowace da idanu jajaye uku zuwa huɗu. Ya ce kada in binne idanun fiye da santimita 5, in ba haka ba sai ganye kawai zan gani, kuma wannan gaskiya ne. Na haɗa rairayin gidanmu da takin da ya ruɓe, na dasa a manyan tukwane farkon hunturu, inda hantsi ke samunsu, inuwar bedi ta rufe su da azahar. Ba a jima ba sai ga tsiro ja wur yana fasa ƙasa. Wallahi daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Ganye ya buɗe kore shar, ɗaya daga ciki har ta yi ƙullin fure, tururuwa suka yi ta hawa suna lasar zaƙin da ke jikinsa. A lokacin nan da an ce in ba yaron maki, duka zan ba shi. Har maƙwabta biyu na tura wajensa, abin da ya fi ci mini rai ke nan yanzu.

Sai iska ta juya. Ƙarshen Fabrairu zafi ya fara leƙowa, ƙullin nan ya tsaya cak, bai ƙara girma ba. Na matsar da tukunyar cikin inuwa, na ƙara ban ruwa safe da yamma, na shimfiɗa ƙaiƙayi a bakin tukunyar don ƙasa ta riƙe sanyi. Kullum bayan asuba shi nake fara dubawa. Kansa ya fara yin baƙi, ya taurare, ya bushe a tsaye ba tare da ya buɗe ko ninki ɗaya ba. Kafin Afirilu ya raba, lokacin da zafin Maradi ke haye digiri 40, ganyen duka ukun ya ƙone daga gefe zuwa ciki.

Na kira shi. Ce mini ya yi: "Hajiya, ai ruwa ne kika cika masa." Na ce ɗana, ba kai ka ce mini furen nan yana yi ko'ina ba? Sai ya ce in riƙa zuba ƙanƙara a gindinsa kowane dare. Ƙanƙara! A bazarar da mutane ke layin sayenta don buɗa baki, wuta na zuwa tana tafiya, firigo bai riƙe ruwan sha ba balle na fure. Daga nan saƙona sai dai ya karanta ya yi shiru.

Ɗan ƙanwata da ke karatun aikin gona a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ne ya warware mini zancen. Fiyoni ɗan ƙasashen sanyi ne, asalin wannan irin daga yankin Sin da Saberiya yake, Sarah Bernhardt ɗin ma a Faransa masu renon furanni na gidan Lemoine suka fitar da ita a 1906. Dole saiwar ta kwanta makonni da dama cikin sanyin da bai wuce digiri 7 ba kafin ta farka ta yi fure. Hunturunmu, duk da muna shan wuta muna rufa da bargo, ba ya zama a wannan sanyin. Tsiron da na yi ta murna da shi, sanyin da saiwar ta sha a can ne ta zo da shi a jikinta, yana ƙarewa shi ke nan. Ko a can ma, sai ta shekara biyu zuwa uku kafin ta yi fure sosai, kuma furen mako ɗaya zuwa kwana goma ne ya zube. Mai ninki kuwa saboda nauyin kansa sai an kafa masa madogara, kuma da wuya ya yi ƴaƴa, don haka masu tallar "irin fiyoni" a ƴan ledoji su ma ku yi hattara da su.

Duk da haka ban cire rai ba, na bar tukwanen na ce ko damina za ta tashe su. Da na tona a watan Agusta, biyu sun ruɓe sun zama taɓo, ta ukun ta ƙanƙance ba ido ko ɗaya.

Da farko na so in ce laifin yanayi ne, in yafe masa, tun da kayan da ya kawo ba jabu ba ne. Amma da na tuna ya san maganar santimita 5, ya san sunan iri, sai raina ya sake ɓaci. Wanda ya san wannan ya san maganar sanyi, ɓoyewa ya yi don ciniki ya faɗa. Kuma har yau hotunan na nan yana sakawa, mata na tambayar kuɗi a ƙasa.

A tukwanen yanzu fotulaka mai ninki na dasa, wadda na saya da ƴan canji wajen wani dattijo mai saida dashe a bakin hanya. Furenta ƙarami ne, yana buɗewa da hantsi ya rufe da yamma, amma rana ba ta dame ta ba. Maƙwabciyata ɗaya na riga na mayar mata da rabin kuɗinta daga aljihuna, ɗayar ta ƙi karɓa. Shi kuwa yaron, in yana karanta wannan, har yanzu ina jiran amsar saƙona.