Wani shagon kayan fata a Kasuwar Kurmi: aiki mai kyau, farashi iri biyu

Layin masu kayan fata na Kasuwar Kurmi wuri ne da kowane baƙon Kano yake son gani, domin kasuwar ta samo asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma jar fatar akuya da ake jemewa a ƙasar Hausa ta daɗe da yin suna har Arewacin Afirka. Can na kai abokin ɗakina da muke karatu tare a Zariya, ɗan Kudu wanda Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, bayan mun fito daga marinar Ƙofar Mata.

Wani saurayi ne ya tare mu a bakin kasuwa, ya ce zai nuna mana hanya, ya bi da mu lunguna har wannan shago. Game da kayan, ba ni da abin kushewa. Jakunkuna da takalma da alabai duk ɗinkin hannu ne na badukun da ya san aikinsa, fatar ta jemu ta yi laushi, rinin bai kama hannu ba da na murza, kuma mai shagon ya shimfiɗa mana tabarma ya yi ta sauko da kaya ba tare da ƙosawa ba.

Matsalar ta taso ne a wajen kuɗi. Ina can ciki ina duba takalma lokacin da abokina ya tambayi kuɗin wata jaka da Turanci, aka ce masa naira 35,000, ya taya 30,000, aka sallama nan take, ko albarka ba a ce ba. Duk wanda ya saba ciniki ya san cewa saurin sallamawa irin wannan alama ce ta an yi wa mutum tsada. A shago na gaba, da na tambaya da Hausa, an fara mini irin jakar a 18,000.

Na koma na ce, “Alhaji, wannan baƙonmu ne, kuma ɗalibi ne kamata.” Ya amsa da cewa, “Ɗana, ciniki ya riga ya faɗa, kuma akwai la'adar wanda ya kawo ku.” A nan na fahimci cewa kuɗin rakiyar da ba mu nema ba an ɗora shi a kan jakar. Da na dage, ya mayar da 5,000, ya ƙara wa abokina ƙaramin alabe a matsayin gyara.

Na san cewa a Kurmi ba a rubuta farashi, taye da ragi su ne tsarin kasuwa. Abin da ya ɓata mini rai shi ne harshen mutum ya zama ma'aunin abin da zai biya, alhali yaron ya zo ne da ɗokin saya wa mahaifiyarsa tsaraba daga Kano. Zan sake sayen fata a Kurmi, amma ba a wannan shago ba, kuma duk mai zuwa da baƙo ina ba shi shawara ya ƙi ɗan rakiya, ya zaga shago uku ko huɗu yana jin farashi, sannan ya riƙe cinikin da bakinsa.