Bindigar toka ko ta harsashi: wacce maharbi zai riƙe?

Maharba a Sakkwato sun sha tambayar wannan.

Wajen kuɗi, ta toka ta fi sauƙi: albarushi da dalma ba su kai harsashin kamfani tsada ba. Sai dai hatsarinta na hannun mai ɗuri. Harsashin kamfani an auna garinsa tun daga can, ita kuwa ta toka kai ne ma'auni. Ɗuri biyu a kan juna, ko barin fili tsakanin albarushi da dalma, na iya fasa bututun. Shi ya sa ake yi wa sandar ɗuri alama, don a gane ko ɗurin ya zauna daidai. Mafi muni shi ne zuba garin harsashin zamani a cikinta, don ƙarfinsa ya wuce abin da ƙarfenta zai ɗauka.

Da damina albarushi kan ji danshi ya yi jinkirin tashi. In bindigar ta yi jinkirin tashi, kada a leƙa bakinta. Tana kuma son wanki bayan harbi, in ba haka ba tsatsa.

Ta harsashi ma tana da nata hatsarin: harsashi mai tsawon milimita 76 bai dace da bindigar da mazaunin harsashinta milimita 70 ne ba.

Duka biyun sai da lasisin 'yan sanda. Ta toka ta dace da wanda ya koyi ɗuri a hannun gwani. Sabon shiga, ta harsashi ta fi masa.