Cottage Living na The Sims 4: abin da ke cikin akurki da garke kafin ka biya

Cottage Living ƙari ne da kamfanin EA ya fitar wa wasan The Sims 4 ranar 22 ga Yuli, 2021, kuma asalin farashinsa dala 39.99 ne. Shi uwar wasan kyauta yake tun 18 ga Oktoba, 2022, saboda haka kuɗin ƙarin kawai za ka kashe. Amma tun da wuri a sani, ba wasan waya ba ne. Kwamfuta yake so, Windows ko Mac, ko kuma PlayStation da Xbox. The Sims FreePlay da ake bugawa a waya wani wasa ne daban, wannan ƙarin ba ya hawa kansa.

Wanda ya saye shi don ya kalli ƙauye mai kyau zai ƙoshi cikin kwana biyu. Wanda ya saye shi don ya yi kiwo da noma, ya kuma yarda cikin mutanensa ya dogara da abin da gonar ta bayar, shi ne zai ci moriyar kuɗinsa. Maɓalli ɗaya ne ya raba su, kuma da yawa ba sa kunna shi.

Sunan maɓallin Simple Living. Yana cikin ƙalubalen fili, waɗanda ake samu idan an shiga yanayin gini aka danna bayanan filin a saman allo ta hagu. A wasan da aka saba, ɗan Sim, wato mutumin da kake sarrafawa a wasan, zai buɗe firji, a cire masa 'yan kuɗi, abinci ya fito kamar daga sama. Da ka kunna wannan ƙalubale, shi ke nan an daina. Duk girkin da babu kayan haɗinsa a gida ba zai yiwu ba. Kek na son fulawa da sukari da ƙwai, idan ɗaya ya ɓace sunan girkin zai dushe a jerin. A nan ne kaza ke tashi daga abin ado ta koma abin karin kumallo. Halayen fili uku kawai ake iya sa wa gida, amma ƙalubale ba su da iyaka, don haka ana iya haɗa shi da na rashin wuta da ruwan famfo idan ana son wahalar ta kai wahala.

Kuskuren da sababbi ke yi shi ne kunna shi ranar farko da firji fayau. Ɗan Sim guda yana fara rayuwa da simoliyan 20,000, wato kuɗin cikin wasan, yawanci gida ya lashe kusan duka. Ka rage wani abu. Kafin kaji su fara ƙwai, lambu ya nuna, sai ka yi cefane a rumfar kayan abinci ta Finchwick, ko ka yi oda a kawo maka gida. Fulawa da sukari kuwa ko gonarka ta bunƙasa za ka ci gaba da nemansu a kasuwa.

Garin da ƙarin ya zo da shi sunansa Henford-on-Bagley, an kwaikwayi karkarar Ingila ne: gidajen dutse masu rufin ciyawa, gadoji, kogi, koren tudu. Filaye 12 ne a unguwanni uku. Finchwick ita ce tsakiyar gari, nan kasuwa da mashayar The Gnome's Arms suke. Old New Henford ita ce ta manyan gonaki. Bramblewood daji ne, akwai magangarar ruwa da zomaye da laimar kwaɗi da ake tsinta a ƙasa. Garin ya yi kyau ƙwarai, musamman da hantsi, sai dai yawancin shagunan da ke jere a Finchwick fuska ce kawai, ba a shiga cikinsu. Mai son kiwo da gaske ya nufi Old New Henford, domin akurki da garke da lambu suna cin wuri, ƙaramin fili ba zai ɗauke su ba tare da dabbobi sun riƙa tare wa mutane hanya ba.

Kaji su ne zuciyar ƙarin. Akurki ɗaya na ɗaukar kaji takwas, a ciki har da zakaru da 'yan tsaki. Sai ka sayi akurkin a yanayin gini, sannan ka danna shi ka sayi kajin. Kaza na yin ƙwai ko babu zakara, amma ƙwan da za a ƙyanƙyashe ba ya samuwa sai da zakara a akurkin. Idan irin wannan ƙwan ya fito, wasan zai nuna shi daban da sauran. Kada ka jefa shi firji tare da 'yan uwansa, mayar da shi akurki a yi masa kwanci, bayan kusan kwana guda na wasa ɗan tsako zai fito. Abin da ke hana ƙyanƙyasa sau da yawa ba wata matsalar wasa ba ce, akurkin ne ya cika. Shi ya sa farawa da kaji huɗu da zakara ɗaya ya fi cika shi taf tun ranar farko.

Aikin kullum shi ne watsa musu tsaba, kwashe ƙwai, share akurki, da ɗan tsayawa a yi musu magana. Wannan na ƙarshe ba wasa ba ne. Kowace dabba na da ma'aunin yunwa da tsafta da kulawa da jin daɗi, kana ganinsu idan ka ɗora linzami a kanta. Dabbar da ta shaƙu da mai ita ta fi ba da kaya masu inganci. Wadda aka wofintar kuwa sai ta fara fushi, idan abin ya daɗe ta bar gidan gaba ɗaya. Kaza mai fushi tana kai hari, kuma wasan ya tanadi mutuwa ta hannun kaza da ta hannun zomo ga wanda ya nace da tsokanarsu.

Garke kuma dabba ɗaya tak yake ɗauka, ko saniya ko lama, wato dabbar nan mai dogon wuya ta tsaunukan Kudancin Amurka. Saniya biyu na nufin garke biyu, kuma kowane garke gini ne babba. Ana tatsar saniya, ana aske gashin lama a samu ulu. Kowannensu sai an cika masa abinci, an share garken, an wanke dabbar. Madara da ƙwai suna lalacewa idan aka bar su a aljihun ɗan Sim, don haka daga garke sai firji. Duk wanda ya san kiwo na gaskiya zai lura da giɓi nan take: babu sa, babu maraƙi, saniya ba ta haihuwa, sai dai ka sayi wata. Babu awaki da tumaki ma, ƙananansu sai a ƙarin Horse Ranch na 2023 suka zo. Yanka kuma ba a nuna shi. Idan nama kake so, sai ka zaɓi yin musanyen dabbar da nama, ko da kuɗi, ta tafi, ƙunshin nama ya shigo.

Wani abin da aka yi daidai shi ne dabbobin nan ba sa shiga lissafin mutanen gida. Iyakar gida a The Sims 4 mutum takwas ne, kuma kare da kyanwa da doki duk suna cin gurbi a ciki. Kaji da shanu ba sa ci. Kana iya tara iyali takwas da akurki uku idan kwamfutarka za ta jure.

Lokaci ne ba zai jure ba. Kwanan wasa guda gajere ne a agogonmu ko da ba a ƙara gudu ba. Ɗan Sim guda mai akurki ɗaya, saniya ɗaya da lambu matsakaici zai kai azahar bai gama aikin safe ba, ga cikinsa da wanka da barcinsa. Haɗa masa aikin ofis a kan wannan kashe gonar ne. Ko dai a samu mutum biyu, ɗaya na fita nema ɗaya na gida, ko a sa yara cikin aikin, domin ƙarin ya ba su damar kula da dabbobi da taya girki. Sauƙi na zuwa daga baya, idan an samu kayan inganta akurki da garke, irin su na'urar zuba abinci da kanta. Waɗannan kayan ba a jibge suke a kanti ba, ana samunsu ne a matsayin ladan aike.

Aiken nan wani sashe ne mai zaman kansa. Mutanen gari irin su magajiyar gari Lavina Chopra, mai mashaya, da 'yan uwan nan biyu Agatha da Agnes Crumplebottom suna ba da ƙananan ayyuka: kawo wasu ƙwai, tsinto laimar kwaɗi, kai saƙo wurin wane. Uku ake iya riƙewa a lokaci guda. Ladan ya fi aikin daɗi, don bayan mako biyu za ka ga ana maimaita su. Ita Agnes tsohuwar fuska ce tun wasannin Sims na farko, kuma har yanzu idan ta ga masoya na shafa juna a bainar jama'a jakarta take ɗagawa ta rafka musu.

Sai yanyawa. Tana shigowa ta saci ƙwai, wani lokaci ta kashe kaza. Idan ka ga ta addabi gidanka, fara duba ƙalubalen fili, domin akwai na yanyawa da ke ƙara yawan zuwansu, kuma ana iya kashe shi. Idan kana son barinsa, hanyoyi uku ne: ka sa wa akurki ƙararrawar korar yanyawa, ka ajiye lama kusa don tana tofa musu yawu, ko ka yi abota da yanyawar har ka roƙe ta ta daina sata. Zomaye da tsuntsayen daji su ma ana abota da su ta hanyar kyauta, zomon da ya saba da kai yakan taya ka cire ciyawa a lambu.

Akwai kuma lasar dabbobi, ƙananan abinci na musamman da ke canza abin da dabba ke bayarwa. Na cakulan na sa saniya ta ba da madarar cakulan, na bakan gizo na sa lama ta yi ulu mai launi-launi. Na zinariya na mayar da kaza ta zinariya, na tsakar dare na mayar da ita muguwar kaza mai baƙin ƙwai. Wanda ke son wasan ya tsaya kan gaskiya zai iya ƙyale su, ba dole ba ne.

A ɓangaren noma, sabon abu shi ne manyan amfanin gona guda biyar: kabewa, kankana, latas, yalon Turawa da laimar kwaɗi. Ana sayen irinsu a rumfar lambu ta Finchwick. Girman da za su yi ya danganta da ban ruwa, cire ciyawa, feshin ƙwari da taki, kuma shuka ɗaya na iya ba da ƙanana da matsakaita da ƙato. Ƙaton shi ne na sayarwa da na gasa, ƙananan a bar wa tukunya. Rarar da ta yi yawa a dafa ta a zuba a kwalba, jam ko mayonis, don ta daɗe. Sana'ar hannu da aka ƙara ita ce surfani a kan ƙyallen da aka ɗame a zobe, matakinta biyar ne kacal, an gama ta kafin a ankara.

Baje kolin Finchwick shi ne wurin da ƙarin ya fi rauni. Duk yammacin Asabar ake yi, ana juyawa tsakanin na kaji, shanu, lama, kayan lambu da manyan amfanin gona. Ka yi mako kana tattalin saniya, ka kai ta, magajiyar gari ta zagaya ta duba, a ƙarshe a ba ka kambu ko a hana ka, ba tare da an nuna maka dalili ba. Filin kansa ƙarami ne, masu gasa kaɗan. Ka je don kyaututtukan da kayan rumfunan ranar, ba don kallo ba.

Dabbobi suna tsufa su mutu, kuma a tsarin da wasan ya zo da shi abin na zuwa da wuri fiye da yadda mutum ke zato. Wanda ba ya son haka ya shiga saitin wasa, sashen saitin ƙari, ya kashe tsufan dabbobi. Game da na'ura, RAM 4GB shi ne mafi ƙarancin abin da uwar wasan ke nema, amma gona mai dabbobi da yawa ta fi zama lafiya a kan 8GB. Idan hoto na sarƙewa, kunna yanayin laftof a saitin hoto, ka rage yawan kajin da ke yawo a fili ɗaya. Mai amfani da gyare-gyaren da 'yan wasa ke ƙirƙira ya fitar da su daga folda kafin ya sabunta wasan, domin tsohon gyara na iya hana danna akurki ko firji. Intanet kuwa wajen saukewa da sabuntawa ake buƙatarsa, bayan nan ana iya bugawa ba tare da shi ba.

Idan kana da Seasons na 2018, su biyun sun dace da juna sosai, domin ruwan sama da hunturu na canza yadda lambun ke tafiya. Eco Lifestyle na 2020 ya fi karkata ga shara da makamashi da siyasar unguwa. Enchanted by Nature na Yulin 2025 kuma ya bi ta ɓangaren tatsuniya, da halittu masu fukafukai da haɗa magungunan ganye. A cikinsu duka Cottage Living ne ke ba ka gona mai ciyar da gida. EA na yawan karya farashin tsofaffin ƙari a Steam, kantin wasanni na intanet, da manhajar EA, sau da yawa har zuwa rabi, kuma ƙarin da ya fito tun 2021 ba ya cikin waɗanda ake gaggawar saye a cikakken farashi.