Simintin rijiyar tudu da na rijiyar tsakiyar teku

Ɗan'uwa, ka tambaya: tunda siminti ɗaya ake zubawa a rijiyar mai, me ya sa ake kuka da ta teku mai zurfi fiye da ta tudu? Garin simintin kam kusan ɗaya ne, aikinsa ma haka: ya cike ratar da ke tsakanin bututun ƙarfe da bangon rami, ya toshe wa gas hanya. Inda zai kama ne ya bambanta.

A tudu, iya nutsawa iya zafi, wajen ƙarin digiri 25 zuwa 30 na ma'aunin Celsius a kowace kilomita. Fargabar injiniya kada siminti ya sandare tun yana cikin bututu, sai a sa masa sinadarin jinkiri. A ƙasan teku kuwa sanyi ne, kusan digiri 4. Siminti sai ya daɗe a tsaka-tsaki, bai kama ba, ya kuma daina danne ramin da nauyinsa. A wannan ɗan lokacin gas ko ruwa ke ratsa shi su bar kafa, kafar kuma ba ta rufewa. Ga wani gas ɗin da ya daskare kamar ƙanƙara cikin laka, ɗumin da siminti ke fitarwa yana iya narkar da shi.

Inda na fi ganin wahalar shi ne batun nauyi. Ƙasar tudu a matse take, tana jure siminti mai nauyi. Ta ƙasan teku ruwa ne a kanta, ba dutse ba, shi ya sa take da rauni. Siminti ya yi nauyi, ya fasa ta ya zurare. Ya yi rashin nauyi, gas ya taso. Don haka ake hura masa iskar naitrojin ya zama kumfa don a rage masa nauyi, haɗin da in ya kuskure kaɗan sai ya rabu.

Irinsa aka zuba a rijiyar Macondo, mashigin tekun Meziko, a ruwa mai zurfin kusan mita 1,500. Can ƙasan rijiyar, inda zafi ne ba sanyi ba, simintin bai toshe ba, aka kuma yi wa gwajin matsi, wanda ke nuna ko rijiyar ta toshe, gurguwar fahimta. Ranar 20 ga Afrilu 2010 gas ya taso, mutum 11 suka mutu, mai ya yi kwana 87 yana kwarara.