Audacity: in waƙa ta ƙi zama daidai da gitarka

Ƴan uwa makaɗa na Yamai, yau kan Audacity, lojisiyel na gyaran sauti a ordinatar, nake son mu yi magana, don koken ya yi yawa. Mutum ya ɗaure gitarsa tsaf da akordar, wato na'urar auna sautin tsirkiya, ya sa waƙa a ordinatar zai bi, ya taɓa La bai shiga ba, ya hau La diyez ya wuce, sautin na nan tsakani yana cizon kunne, daga nan sai ka ga yaro ya hau murɗa tsirkiya har ta tsinke. Ni dai wannan lojisiyel ɗin ne ya fi min aiki a nan, kuma kyauta ne, ko dala ba ka biya. Tun 2000 ya fito, Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg suka faro shi a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, kuma ko da ya koma hannun kamfanin Muse Group a 2021 bai zama na kuɗi ba.

Abin da ya fi burge ni ma ba gyaran ba ne, yadda yake nuna maka inda ciwon yake ne. Ka shiga menu na Générer ka fitar da sauti na 440 Hz, wato La ɗin da aka tsayar a ƙa'idar ISO 16 ta 1975, wanda akordar ɗinka ma da shi take aiki. Ka kashe vantilatar tukuna ko da zafi ya ishe ka, don hayaniyarta na rikita allura, sannan ka kara akordar kusa da bafal. In allura ta tsaya tsakiya, mashin ɗinka lafiya lau, laifin na cikin waƙar. In ko ta nuna wajen 479 Hz ko 404 Hz, to kar ka taɓa waƙar sam, kart son ce, wato na'urar da ke fitar da sauti, suka saɓa da ordinatar. Awon da ake karanta sautin CD da shi 44100 Hz ne, na bidiyo yawanci 48000, in aka karanta ɗaya da awon ɗaya komai sai ya hau ko ya sauka da kusan gida ɗaya da rabi na gita (gida ɗaya shi ne rabin ton), gudun ma ya canza da kusan kashi 9 cikin ɗari. An fi ganin haka ga masu kart son ta waje da ake jonawa ta USB. Ka je saitin sauti na Windows, wajen Format par défaut, ka sa lamba guda da ta kart ɗin da ta Audacity, shi ke nan.

Amma mu a nan matsalarmu babba kaset ce. Tsofaffin waƙoƙin da muke koyon kiɗa da su, waɗanda ake tura mana a kat memwar ko ta WhatsApp, da yawansu daga kaset aka kwaso su, wani ma kaset daga kaset, da rediyo mai pil da ya fara mutuwa. Kaset ya kamata ta tafi santimita 4,76 a sakan, ta ƙara gudu kashi 1 cikin ɗari kawai sauti ya hau wajen cent 17, kuma cent 100 ne rabin ton. Don haka ne waƙar ke faɗawa tsakanin gida biyu na gita. Ga yadda nake yi: in nemi wurin da bas ya riƙe sauti guda ya ɗan jima, in zaɓi wurin in sa shi yana maimaituwa, in kara akordar. In ta ce ya haura da cent 35 misali, sai in rage gudun da kusan kashi 2 a Changer la vitesse, wato wurin canza gudu. Don Allah a lura da wannan, mutane da yawa Changer la hauteur, mai hawar da sauti ko saukar da shi kawai, suke dannawa don sunan ne ya yi kama da abin da suke nema, alhali in gudun kaset ne ya ɓata abin, gudun za ka maida, sai sauti da tafiyar ganga su dawo tare kuma muryar mawaƙin ta koma tasa ta asali, wallahi har daɗin ji take ƙarawa.

Changer la hauteur na da nasa wurin: in waƙar daidai take amma ta yi wa mai rera maku sama, ko kana da gurmi ko molo da ba ka son matsa wa tsirkiyarsa, sai ka sauko da waƙar gare shi gudu bai motsa ba. Rabin ton ɗaya ko biyu yana fita fes. Ka wuce nan sai murya ta fara rawa kamar ana waƙa cikin tulu, a nan kam bai gamsar da ni ba, ko ka zaɓi saitinsa mai inganci da ya fi jinkiri sauƙi kawai ake samu.

Sauran abin da ke damuna biyu ne. In fayil ɗin M4A ne ba ya buɗewa sai ka ƙara sauke wani lojisiyel mai suna FFmpeg, wanda ba kowa ya san da shi ba, ga kuma mega da zai ci. Na biyun ya fi ciwo: babu shi a Android, alhali yawancin samarinmu da ke koyon gita a Bukoki ko Talaje waya ce kaɗai gare su. Dabarar da muke yi, wanda ke da ordinatar cikin ƴan ƙungiya ya gyara waƙoƙin duka a zama guda lokacin da akwai kuran, ya fitar da su MP3, ya rubuta a jikin sunan kowace cent nawa aka rage ko aka ƙara, ya ajiye ta asalin daban, sannan ya tura wa sauran a waya.