Kaya uku daga mai gwanjon kasuwarmu, don hawan duwatsun Riruwai

Mai gwanjon da ke baje kaya ranar kasuwarmu daga Ƙofar Wambai yake saro su, kuma ya san sana'arsa. Na ce masa duwatsun Riruwai zan hau cikin watan Agusta, ga ruwa ga iska. Ina kai hannu kan wata jibgegiyar jaket sai ya ce, "Yaya, bar wannan, kafin ka kai rabi gumi ya jiƙa ka sharkaf." Ya haɗa min riga uku.

Ta cikin shara-shara ce, ta poliyesta, kuma a nan na fi yaba masa. Auduga tana shan gumi ta riƙe, kana tsayawa hutu iska ta kaɗa, sanyi ya ratsa ka har ƙashi. Wannan kuwa nan da nan take bushewa. Suwaitar ulu a tsakiya, in jiki ya ɗumama na tuɓe na cusa a jaka.

Ta wajen mai hula tana tare iska sosai, amma ruwa na ɗiga ta ɗinkin kafaɗa, zif ɗin ma sai da tela ya canja. Ku duba ɗinki kafin ku biya, don in kaya sun bar tebur ba ya karɓa.